Shekarar da Na Koya wa Nura Ɗinki

Labari biyu ke yawo a kaina game da ɗana Nura, kuma duk wanda ya kawo muku ɗaya daga cikinsu ku ba shi ruwa ya sha ya ƙara gaba. Na farko, wanda ake bayarwa a ƙofar masallacinmu na Plumstead a nan London bayan an tabbatar na yi nisa, shi ne wai da hannuna na ɗinka masa rigar shiga addinin Buddha, na raka shi har wurin, na yi masa tafi. Na biyu, wanda waya ta kai Zariya, shi ne wai na tsine masa a gaban Turawa, na kakkaɓe rigata na fito. Ban yi tafi ba, ban kuma yi tsinuwa ba. Ɗinki kam na yi, amma ku tsaya ku ji yadda aka yi. Kai Babangida, kai ne babban ɗana, kai ne kuma ka fi kowa tabbacin ka san abin da ya faru, alhali ba ka wurin. Ke Ummi, kuka ya hana ki ji. Jikokina kuwa an rufe musu maganar ruf, sai dai su ga manya suna haɗa ido in an ambaci kawunsu. To ga ta daga bakin mai ita.

Ni ɗan maɗinki ne, jikan maɗinki. A zauren mahaifina cikin birnin Zariya na buɗe ido na ga maza zaune a kan tabarma, kowa da riga a cinya yana yi mata aiki da allura. Amma ba ɗinki ne ya kawo ni London ba, tuƙi ne. Na zo ina jan wani babban ma'aikacin gwamnati da ofishinsa ke wajen Charing Cross. Da wa'adinsa ya cika ya koma gida, ni na tsaya, don a lokacin Hajiya, mahaifiyarku, tana ɗauke da cikin Nura, likita kuma ya hana ta hawa jirgi. Tsayawar wata kaɗan ce muka yi niyya, ga shi har furfura ta cinye ni a nan. Na koma wa abin da na gada. Wani shagon wanki da guga a Lewisham ya ba ni kusurwa da keke, ina rage tsawon wando, ina canza zip, ina buɗa wa matan Turawa siket in sun yi ƙiba suna cewa wanki ne ya tsuke shi. Duk shekarun da na yi a kusurwar nan babu ɗayanku da ya taɓa cewa, Baba, yaya ake zura zare a allura? Ban ji haushi ba. To, na ji kaɗan.

Nura shi ne na tsakiya, shi ne kuma mai taushin zuciya a cikinku, wanda in ya ga tantabara ta karye a titi sai ya kawo ta gida a kwali. Da ya girma ya kama aikin motar asibiti, masu zuwa ɗaukar wanda ciwo ya kayar. Ranar da Hajiya ta yanke jiki ta faɗi a kicin, shi kaɗai ne a gidan, ya biyo daga aiki zai karya kumallo. Ya durƙusa a kanta yana danna ƙirjinta yadda aka koya masa, har haƙarƙarinta ya karye a ƙarƙashin hannunsa, ba ta dawo ba. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Kowa ya gaya masa kwana ne ya ƙare. Ya gyaɗa kai, amma ba ta shiga ba.

Bayan sadakar arba'in ya fara sha. Ba zan yi wa maganar kwalliya ba, giya ce, ta ci aikinsa, ta ci auren da ake shirin yi masa, ta kusa cin shi kansa. Wata safiya na fito zan tafi shago na same shi kwance a matakalar benenmu, maƙwabciyarmu Baturiya tana tsallake shi da karenta tana ba ni haƙuri, kamar ita ta yi min laifi. Ba abin da ban yi ba. Na yi faɗa, na yi lallashi, na sa an yi masa rubutu a Zariya an aiko. Na kai shi wurin mai ruƙiyya, ya zauna lafiya lau har aka gama karatu, muka fito ya ce bari ya shiga shago ya sayo ruwa, ban sake sa shi a ido ba sai bayan Babbar Salla. Haka ya yi ta ɓacewa yana bayyana, har na kai in waya ta yi ƙara da lambar da ban sani ba sai na yi salati kafin in ɗauka.

Sai wata shekara, ana fita daga sanyi, ya ƙwanƙwasa ƙofa. Idonsa fari tas, jikinsa ya ciko. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya wuce kicin ɗin da ya daina shiga tun rasuwar, ya wanke kwanonin da na tara. Ya ce ya daina. Ban yarda ba, don na sha jin haka. Amma wata ya wuce, wani ya bi bayansa, aka mayar da shi bakin aikinsa, ko warin abin ban sake ji ba. Na aika aka yanka rago a Zariya aka raba, na tsaya a ƙofar masallaci ina gaya wa duk wanda ya miƙo min hannu cewa addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza. Na lura dai in lokacin salla ya yi ba ya bin bayana, sai ya fita baranda ya zauna shiru. Na ce wa kaina sannu ba ta hana zuwa, wanda ya bar kwalba ai ya kama hanyar buta.

Wata Asabar yana zaune yana kallona ina kalmasa bakin wando, sai ya ce:

"Baba, ina so ka koya min ɗinki. Na hannu, ba na machine ba."

"Kai? Kai da ko maɓallin rigarka ya cire sai ka kawo min?"

"Akwai wani abu da nake so in yi da kaina. It has to be by hand."

Ya nuna min hoton abin a wayarsa. Ɗan ƙaramin abu ne, faɗinsa bai wuce tafin hannu biyu ba, an haɗa shi da ƙananan ƙyallaye fangali-fangali kamar gonar shinkafa, da maratayi da ake sawa a wuya. Na yi dariya na ce wannan ai abin tare dalalar jariri ne, ko akwai wata da ba a gaya min ba? Shi ma ya yi dariya, ya ce in ya gama zai faɗa min komai. Za ku ce me ya hana ni tambaya. A zauren da na tashi ba a tambayar mai riga ina zai sa ta, awonsa kawai ake ɗauka. Ban da haka, mutum ya shekara da shekaru yana jiran ɗa guda ya ce zai gaje shi, ranar da aka ce za a gada ba ita ce ranar tsayawa bincike ba. Murna ce ta cika ni, irin wadda rabona da ita tun Hajiya na da rai.

Ya ce ba a yin abin da sabon yadi, sai da tsofaffin ƙyallaye masu duhu, waɗanda suka riga suka yi wa mutane aiki. Ya zo da tsohuwar rigarsa ta aiki da ya rina. Na duba na ga ba za ta isa ba, sai na tashi na buɗe akwatin Hajiya, wanda ban taɓa ba tun da aka rufe shi, na ɗauko baƙin zanenta mai shuni, saƙar gida, wanda ta zo da shi daga Zariya ta goye ku da shi ku ukun. Ku riƙe wannan da kyau: ni na ba shi, bai roƙa ba. Ya ma ja hannunsa baya.

"Baba, ka tabbata? Bari in fara gaya maka..."

"Karɓi, kai dai. Kayan uwarka ne, wa ya fi ka gado?"

Daga nan kowace Asabar muna zaune a bakin taga, ni da alli da almakashi, shi da allura. Ɗinkin da ake so a abin mai cin rai ne: allura ta yi gaba, ta ɗan komo baya, ta bar ɗigo guda a sama kamar ƙwayar gero, haka har layi ya ƙare. Hannunsa da farko kamar na mai faskare, ya soki kansa ya fi a ƙirga, na kuma sa shi ya warware layi guda sau da yawa ba tare da ya yi tsaki ba. Ana cikin haka na lura da bakinsa. Duk sukar da zai yi da allura sai laɓɓansa sun motsa, ba sauti, sai motsi. Na san wannan motsin. Haka mahaifina yake yi, haka duk mazan zaurenmu suke yi, kowace suka da salatinta, har yakan ce rigar da aka ɗinka da salati tana rufa wa mai ita asiri duniya da lahira. Ban taɓa gaya wa Nura haka ba, ga shi yana yi. Na ce jini ba ƙarya ba ne. Na tashi na shiga banɗaki na share hawaye don kada ya gani, da yamma kuma na kira ka, Babangida, na ce maka ƙaninka ya dawo hanya, salati yake yi a kan allura. Akwai wata kusurwa da ta gagare shi, na karɓa na ɗinka masa layi guda da hannuna, ina nawa salatin a fili don in ƙarfafa masa gwiwa. Ya sunkuyar da kai har na gama, ni kuma na ɗauka kunya ce.

Ranar da aka gama, ya goge abin, ya shimfiɗa shi a kan tebur, ya haɗa min shayi ya kawo. Ya zauna a ƙasa, ba a kujera ba.

"Baba, ba wurin likita na daina sha ba. Wani wuri nake zuwa, muna zama mu fuskanci bango mu yi shiru. Mabiya Buddha ne, ɓangaren da ake kira Zen."

"To sai me? Mu ma ai asibitin mishan aka kai mu muna yara, aka yi mana magani muka dawo da sallarmu."

"Ba magani kaɗai ba ne. Ƙarshen watan nan zan tsaya a gaban malamarmu in ɗauki alkawuran hanyar, in zama ɗaya daga cikinsu. Wannan abin da muka ɗinka shi za ta rataya min a wuya."

Na ji maganar, amma kamar a wani gida ake yin ta. Abu ɗaya ne ya zo bakina.

"Abin da kake faɗa fa, in za ka soka allura?"

Sai ya ce:

"Cewa nake yi, na nemi mafaka wurin Buddha."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kunnuwana suka toshe kamar lokacin da jirgi zai sauka. Na dubi abin a kan tebur, ga zanen Hajiya, matar da ko a gadon haihuwa ba ta yarda salla ta wuce ta ba sai da dalili, an bi shi ɗigo-ɗigo da wannan magana, ba masaka tsinke. A tsakiya kuma ga layina, na fi kowa sanin hannuna. Ni na yanka, ni na auna, ni na ce a warware a sake don ya yi kyau. Ban yi ihu ba. Na ce ya tashi ya fita. Ya naɗe abin ya tashi, daga bakin ƙofa ya faɗi ranar da wurin, ya ce yana so in zo ko don in gani da idona. Ban juyo ba.

Kafin magariba labari ya iske ka, Babangida, sai ga motarka a ƙofar gida. Ba zan manta tsayuwarka a tsakar ɗakin ba, ko takalmi ba ka cire ba.

"Baba, wannan ridda ce, ba ta da wani suna. Kuma ya yaudare ka, ya sa ka yi aikin da hannunka. Ka cire bakinka daga kansa, ka faɗa a gaban mutane cewa ba ɗanka ba ne. In ba haka ba, wallahi ba zan kawo 'ya'yana gidan da yake shiga ba."

Ke Ummi kina gefe kina cewa a bi shi a hankali, a bi shi a hankali, ba wanda ya saurare ki. Gaskiya a ranar zuciyata tana tare da Babangida. A masallaci labari ya riga ni isa, waɗanda na tsayar ina yi musu wa'azin addu'a ba ta faɗuwa ƙasa suka riƙa gaishe ni da taushin murya kamar an yi min rasuwa, na kuma ji wani a bayana yana cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba. Mutum ɗaya ne ya yi min wata magana daban, Alhaji Musa mai nama a kasuwar Lewisham, mutumin Gana, ɗan zango, irin masu Hausar nan da ba ta raba mace da namiji. Yana sara kaza bai ko ɗago ba ya ce:

"Malam Isa, Hajiya, Allah ya ji ƙan shi, da yana nan, zai ce ka jefar da yaro?"

Na ce masa ya ji da kazarsa, na fito raina a ɓace.

Ranar ta zo, na yi wanka, na sa babbar riga, na jefa ƙaramin almakashina a aljihu. Niyyata biyu ce, ba na ɓoye ta. Zan warware zanen matata daga jikin abin nan, sannan in faɗi kalmar da aka ce in faɗa, a gaban malamar tasa da kowa. A jirgin ƙasa na yi ta maimaita ta a zuci don kada harshena ya sarƙe.

Wurin a saman wani tsohon bene yake a kudancin gari, ba alama a waje. Abin da ya fara tsayar da ni a bakin ƙofa takalma ne, an jere su layi-layi, har sun fi na masallacinmu tsari. Na shiga na sami mutane zaune a ƙasa cikin baƙaƙen kaya, yawancinsu Turawa, da wata baƙar mace mai furfura da ta tashi ta kawo min kujera ba tare da ta ce uffan ba. Shiru kamar ba masu numfashi. Turare yana tashi. A gaba, kan wani ɗan tebur, ga mutum-mutumin katako yana zaune ya naɗe ƙafafu, a gefensa kuma malamar. Na zo da shirin ganin wani ƙaton boka, sai na ga tsohuwar Baturiya, 'yar firit, kanta a aske ƙwal, tana dogara sanda. Aka buga ƙararrawa, Nura ya shigo da wasu mutum biyu. Ya gan ni, fuskarsa ta yi haske, abin da ya ƙara ƙona min rai. Sannan ya juya ya fuskanci katakon nan, ya durƙusa, ya kai goshinsa ƙasa. Goshin da ni na fara kai shi ƙasa a kan dardumata yana ɗan shekara kaɗan, yana dariya yana leƙena. Ya sha gaya min daga baya cewa su ba su ɗauki katakon a matsayin Allah ba, girmamawa ce kawai. Ni dai abin da idona ya gani ke nan, kuma ban taɓa jin abu ya soke ni kamarsa ba, har da ranar kicin.

Ina neman inda zan sa baki, sai tsohuwar ta yi magana. Ta ce a al'adarsu, kafin mutum ya ɗauki alkawari sai ya fara rusuna wa iyayen da suka kawo shi duniya. Sauran biyun ba iyayensu a wurin, suka fuskanci wani gefe suka yi. Nura kuwa ya tako har gabana. Kafin in gane me ake ciki ya zube gwiwa biyu, ya fara kai goshinsa ƙasa, a gaban ƙafafuna, ni Isa, ɗan Adam mai cin tuwo. Ban san lokacin da na tashi ba. Kujera ta kife, na cafke kafaɗunsa kafin goshin ya taɓa ƙasa, na daka tsawar da na tabbata an ji ta har titi:

"Kai! Ba a yi wa mutum sujada!"

Ɗakin ya ƙara yin tsit, duk ido ya dawo kaina. Ga damar da na zo nema, ga shi a hannuna, ga jama'a, ga kalmar a kan harshena. Amma rabona da in riƙe Nura haka tun ranar da na ciccibe shi daga matakalar bene, jikinsa sharaf yana wari. Yanzu kafaɗun da ke hannuna masu ƙarfi ne, ba abin da ke tashi daga jikinsa sai sabulu. A nan na san abin da ban yarda na sani ba a jirgin ƙasa. Na san inda bakina zai kai shi. In na faɗi kalmar nan, ba masallaci zai nufa ba, shagon giya da ke ƙasan benen zai shiga, kuma wata rana baƙuwar lamba za ta kira ni. Tsohuwar ba ta nuna ko gezau ba. Ta ce masa a hankali ya gaishe ni yadda ake gaisuwa a gidanmu. Ya gyara ya tsuguna, ya sunkuyar da kai, ya ce:

"Baba, barka da zuwa. Ka yafe min."

Na sake shi na fita.

Ban yi nisa ba. Na zauna a matakala cikin takalman mutane, ƙofa ba ta rufu sosai ba, ina jin komai. Turancina na shago ne, amma ya isa. Suka fara da neman tuba daga duk sharrin da suka taɓa aikatawa saboda kwaɗayi da fushi da jahilci. Sannan tsohuwar ta shiga jero alkawuran, tana tambaya suna amsawa. Ba za ka kashe rai ba, za ka kiyaye? Na ji muryar Nura a cikin sauran, zan kiyaye. Ba za ka ɗauki abin da ba a ba ka ba. Ba za ka yi ƙarya ba, ba za ka ci naman wani a bayan idonsa ba, ba za ka riƙe fushi ba. Ina zaune ina cewa, ikon Allah, wanne ne a cikin nan ban gaya masa ba tun yana zuwa Islamiyyar ranar Lahadi? Wanne ne babu a gidanmu, da sai ya hau bene ya karɓo a hannun tsohuwa mai aski? Sai ta zo kan abin da ke gusar da hankali, ta ce ba za ka sha ba, ba za ka ba wani ba, za ka kiyaye? Sauran biyun suka amsa. Shi shiru. Shirun ya yi tsawo har na miƙe tsaye. Can sai na ji shi, shi kaɗai, muryarsa a karye, ya ce zan kiyaye. Wallahi sai ji na yi bakina ya ce amin. Na yi maza na bi ta da istigfari, amma ta riga ta fita.

Azahar ta yi, da alwalata. Na matsar da takalma gefe, na duba alƙibla a waya, na shimfiɗa babbar rigata na yi salla a wurin. Da na sallame na same shi tsaye a bayana yana jira, abin yana rataye a wuyansa, zanen Hajiya a kan ƙirjinsa. A bayan abin an sa farin ƙyalle, an rubuta masa wani sabon suna da baƙin rubutunsu. Ya fara faɗa min, na ɗaga masa hannu, na ce wanda na raɗa masa ya ishe ni. Na sa hannu a aljihu na fito da almakashin. Ya dube shi, ya dube ni, bai ja da baya ba.

"In nata kake so ka cire, Baba, ka cire. Ba zan hana ka ba."

Na kama abin na juya shi a hannuna. A ƙasan kusurwar hagu akwai wani zare da bai datse ba, yana lilo. Na datse shi, na mayar da almakashin aljihu.

"Ka ji ni da kyau. Ban yarda da wannan ba, ba kuma zan yarda ba har in koma ga Allah. Kullum sai na roƙa a dawo da kai. Amma ban tsine maka ba, kuma gidana gidanka ne."

"Albarka fa, Baba?"

Na daɗe ina kallon bango. Sannan na ɗora hannu a kansa na ce Allah ya yi masa albarka, ya nuna masa gaskiya, ya ba shi ikon bin ta. Ya ce amin, muka sauko tare, ya raka ni tasha.

Abin da ya faru ke nan, ba ƙari ba ragi. Ba a banza na riƙe Nura ba, na biya farashi. A masallaci an daina cewa in buɗe taro da addu'a, an daina kawo min rigunan Salla gyara, wasu ma sai su ba ni yatsu maimakon hannu. Wannan duk mai sauƙi ne. Mai nauyin shi ne kai, Babangida. Ka cika rantsuwarka, kai ɗan halak ne wajen cika magana. 'Ya'yanka sun girma ina ganinsu a hoto da ranar Idi a filin salla, ƙaramar ma sai da aka ce mata ga kakanki. Ban ce ba ka da hujja ba. Na san abin da malamai suka ce, na kuma san abin da nake ji duk asuba in na ɗaga hannu na zo kan sunansa. Har yau bai dawo ba. Har yau kuma bai sha ba. Ina ɗauke da biyun nan tare, ba wanda ya sauke min ɗaya, kuma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna na rubuta wannan, tunda likita ya fara yi min magana da irin taushin muryar da na sani. Ranar da aka ɗauke ni Nura zai zo. Zai tsaya can bayan sahu, ba zai yi kabbara tare da ku ba, mutane kuma za su yi ta waiwaye. Kai ne babba, kai za a duba. Kada ka bari kowa ya ce masa ya fita. In an sallame an zo ɗauka, ko makara ce ko akwatin nan nasu na Ingila, kusurwa huɗu gare shi. Ka kama ta gaba, ka waiwaya ka kira ƙaninka da sunansa ya kama ɗayar. Ya taɓa ɗaukar uwarku shi kaɗai, ba wanda ya taya shi. Ni ku ɗauke ni tare.